Ajiye Aiki Ba Ajiye Jiki Ba Ne

  Maganarmu ta yau ta iyayenmu ce, dattawan da suka yi aiki har suka ajiye suna cin fansho, da waɗanda ranar ajiyewa ta matso musu. Amma kada samari su tashi daga gaban akwatin rediyo, kada kuma uwargida ta ce ba da ita a ke ba, gama rabin abin da zan faɗa yana hannun mai tuƙa tuwo ne, da hannun ɗan da zai raka tsoho asibiti. Ku gafarce ni, iyayena, yau yaro ne zai yi wa manya magana. Ba fin ku sani na yi ba. Aikina ne ya zaunad da ni a wurin da a ke kawo ku sa'ad da abu ya riga ya ɓaci, abin da na ke gani kuwa ya fi ƙarfin in yi shiru.

A aikin Gwamnatin Tarayya, in mutum ya cika shekara 60 da haihuwa, ko ya yi shekara 35 a bakin aiki, ko wanne ya riga zuwa, sai ya ajiye. Malaman makaranta an ƙara musu a 2022, nasu ya koma shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. To, ku yi lissafi. Wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 22 zai fita yana da 57. Wannan ai ba tsoho tukuf ba ne. In Allah ya yarda, da sauran shekara ashirin a gabansa, ko fiye. Abin tambaya shi ne, da ƙafarsa zai yi su yana zuwa suna da jana'iza, ko kuwa a kwance a ɗaki, ana juya shi ana kwashe masa? Na san wani zai ce kwana na Allah ne. Haka ya ke, ba musu. Amma manomi ma ya san ruwan sama na Allah ne, wannan bai hana shi yin huɗa ba.

Bari in ba ku labarin waɗansu mutum biyu da na sani, ba sai na faɗi suna ba. Ofis guda suka yi aiki, shekara guda kuma suka ajiye. Ɗaya babban akawu ne, ɗayan masinjansa. Masinja fanshonsa kaɗan ne, ba ya isarsa, tilas ya koma 'yar gonarsa a bayan gari. Kullum da sassafe ya hau kekensa, ya dawo da hantsi da ciyawar awaki a baya. Mutane har suna jin tausayinsa. Shi kuwa akawu ya ce ya sha wahalar duniya ta isa, yanzu sai hutu. Aka sa masa kujera mai shimfiɗa a gindin darbejiya a ƙofar gida. Da safe shayi mai kauri da burodi, da rana shinkafa da mai, da la'asar lemon kwalba, da dare tuwo da nama. Masallaci yana jikin gidansa, taku ashirin ne. In zai je karɓar fansho, mota. Ba a yi shekara biyu ba rigunansa suka matse shi. A ta uku, ran nan da asuba ya tashi zai yi alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, ya buɗe baki zai kira matarsa magana ta ƙi fita. Sai bayan kwana huɗu aka kawo mana shi, an gama hayaƙi da shafe-shafe. Yau shekara shida ke nan yana kwance. Masinjan nan shi ke zuwa gaishe shi ran Jumma'a, a kan keken nan dai.

Kada ku ce tsautsayi ne kawai. Likitoci sun daɗe da gane wannan. A birnin Landan ta Ingila akwai manyan motocin haya masu bene. A da, direba yana zaune wuni zubur, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Wani likita, Jerry Morris, ya bi lafiyar ma'aikatan motocin nan wajen mutum 31,000, ya buga abin da ya gani a 1953. Ya tarar direbobi sun fi kwandastoci kamuwa da ciwon zuciya, sun kuma fi su mutuwar farat ɗaya. Ya duba ma'aikatan gidan waya, ya ga haka nan ne: masu yawon rarraba wasiƙu sun fi masu zaman tebur lafiyar zuciya. Shi likitan ya ɗauki darasin kansa, bai bar motsa jiki ba har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Abin da mai ajiye aiki ba ya lura da shi ke nan. Sa'ad da ya ke aiki, ko bai sani ba aikin yana motsa shi. Ya tashi da wuri, ya taka zuwa bakin titi, ya hau matakalar ofis, malami ya tsaya gaban allo, ɗan sanda ya yi fareti, nas ta wuni tana kai da kawowa tsakanin gadaje. Ran da aka ba shi takardar sallama duk wannan ya tsaya cak, amma cin abinci bai tsaya ba. Tsokar jiki kuwa kamar keke ce, in an jingine ta damina guda sai tsatsa. Tsoho ya fi yaro saurin zubad da tsoka, ya kuma fi shi wuyar maido ta. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

To, motsi nawa ne ya isa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, watau rabin sa'a kullum har kwana biyar. Ba gudu a ke nufi ba, ba kuwa sai an sayi wani takalmi ba. Tafiya ce da ɗan hanzari, irin wadda za ka ji jikinka ya ɗumama, numfashi ya ɗan ƙaru, amma kana iya magana da abokin tafiya. Masu wayar hannu da ke ƙidaya taku, an haɗa bincike da yawa a 2022 aka ga wanda ya wuce shekara 60 yana samun galibin amfanin a tsakanin taku 6,000 da 8,000 a rana. Wanda ya daɗe a zaune kada ya ce yau zai rama. Ya soma da minti goma, mako na zagayowa ya ƙara biyar. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan asuba, ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Dabara mai sauƙi ita ce ka bar masallacin ƙofar gida sau ɗaya ko biyu a rana ka tafi na unguwar gaba, ko ka taka zuwa majami'a maimakon hawa babur. Cefane ma ka je da kanka. Na san akwai masu ganin zubad da girma ne a ga tsohon babban ma'aikaci yana tafiya a ƙasa, kada a ce ya talauce. Ranka ya daɗe, a bar su su faɗa. In ka kwanta ba su za su yi jinyarka ba.

Ga kuma wani ɗan gwaji da za ku yi yanzu, kuna saurarena. Ku zauna a kujera mai ƙarfi da aka jingina da bango, ku harɗe hannu a ƙirji, ku miƙe tsaye ba tare da dafa kome ba, ku koma ku zauna. In kun iya, ku riƙa yi sau goma, safe da yamma. In ya gagara, cinyoyi sun soma rauni ke nan, sai a dafa a riƙa yi har ƙarfi ya dawo. Cinya mai ƙarfi ita ke hana tsoho faɗuwa, faɗuwa kuwa ita ke karya ƙugu, wanda ya karye a ƙugu da tsufa sau da yawa ba ya sake tashi. Saboda haka a gyara makewayi kada ya yi santsi, a kafa abin dafawa a bango, a ajiye tocila kusa da shimfiɗa. Amma in kana tafiya ka ji ƙirji ya ɗaure kamar an ɗora maka dutse, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri ya ɗebe ka, ka tsaya, a kai ka asibiti ran nan.

Yanzu sai babbar maganar, watau hawan jini. Zuciya famfo ce, jijiyoyin jini kuwa bututu ne. Da ƙuruciya bututun nan suna da taushi kamar sabuwar roba. Shekaru na tafiya suna taurara, sai zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi fiye da kima. Ƙarfin turawan nan shi a ke aunawa da abin da mu ke ɗaura muku a dantse. Lamba biyu ce ke fitowa, ta sama da ta ƙasa. Wajen 120 bisa 80 shi ne daidai. In an auna a rana biyu dabam dabam aka sami 140 bisa 90 ko fiye, to, akwai hawan jini.

Muguntar wannan ciwo ita ce ba ya sallama. Mutane suna tsammani sai an ji ciwon kai ko jiri. A'a. Mutum ya kan yi shekara goma da shi yana cin tuwonsa yana dariya, alhali a ɓoye yana cin zuciya, da ƙoda, da ido, da ƙwaƙwalwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, kuma cikin biyar ɗaya ne kaɗai jininsa ya sauka yadda a ke so. A nan gida, likitocin Nijeriya da na Gana sun bi masu shanyewar ɓarin jiki fiye da 2,000 a manyan asibitoci, suka buga sakamako a 2018. Sun tarar kusan tara cikin goma na wannan masifa da hannun hawan jini a ciki. Watau abin da mu ke ɗora wa iska, ko jifa, ko kishiya, galibinsa jijiya ce ta toshe ko ta fashe a cikin ka.

Ba yadda za ka san kana da shi sai da awo. Awon ba ya ciwo, ba ya cin minti biyar, ana yinsa a ƙaramin asibitin unguwa da kemis da yawa. Ka zauna ka huta tukuna, kada ka sha taba ko shayi mai ƙarfi gab da awo, ka ɗora hannu a tebur, kada ka yi magana. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta lambar da kwanan wata, ku da kuka saba da fayil wannan ba zai ba ku wuya ba. 'Ya'yan da ke neman abin da za su kai wa tsoho tsaraba, na'urar awon nan ta gida, irin ta dantse, ta fi shadda amfani.

In likita ya ɗora ka a kan magani, ga inda yawancin iyayenmu ke tuntuɓe. Su sha wata guda, su ji garau, a auna a ga jini ya sauka, sai su ce sun warke, su ajiye. Jama'a, wannan magani ba irin na zazzaɓi ba ne da a ke sha kwana uku a gama. Kamar madatsar ruwa ya ke. Ruwa ya kwanta ne domin madatsa tana nan, ran da ka cire ta zai dawo. Galibin masu shanyewar jiki da ni ke karɓa ba waɗanda ba su taɓa jin suna da hawan jini ba ne. Mutane ne da aka gaya wa, suka sha, suka bari. Wani ya bari domin fansho ya yi jinkiri. Wani domin an ce masa tafarnuwa da zoɓo sun isa. Wani kuwa, sai ka keɓe da shi zai gaya maka, wai maganin ya rage masa ƙarfi wajen iyali. Duk waɗannan abin a zo a faɗa ne. Magungunan iri iri ne, in wani bai karɓe ka ba a sauya maka, akwai kuma masu araha. A 2019 likitocin ƙasashen Afirka shida, da wani likitan Abuja a gaba, sun gwada haɗin magunguna a kan mutanenmu baƙar fata, suka ga haɗin da ke da amlodipine ya fi saukad da jini. Ban faɗi sunan domin ku je ku saya da kanku ba, sai domin ku sani an gwada abin nan a jikin irinmu. Wani ya kan sami kumburin ƙafa da shi, in ka ga haka ka komo. Kada kuma wani ya ce ya tsufa da magani. An gwada a kan waɗanda suka wuce shekara 80, aka buga a 2008, aka ga su ma yana rage musu mutuwa.

Uwargida, da ku 'yan samari, ku riƙe alamu uku. Baki ya karkace gefe guda. Hannu ko ƙafa na ɓari guda ya saki. Magana ta sarƙe, ko mutum ya kasa gane abin da a ke ce masa. In kun ga ko ɗaya, ko da ya wuce bayan 'yan mintoci, ku nemi mota nan da nan zuwa babban asibiti, ku kuma lura da ƙarfe nawa abin ya soma, gama likita zai tambaya. Kada ku ɗura masa ruwa, ko kunu, ko rubutu, ko ƙwaya, domin maƙogwaro ya kan mutu tare da hannun, abin ya bi ta huhu ya shaƙe shi. Ku kwantad da shi ta gefe. Addu'a a yi ta a cikin mota ana tafiya.

Mu koma madafa. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwa ya ƙara wa jini ƙarfi. Abin da aka yarda babba ya ci a wuni bai kai giram 5 ba, watau ƙaramin cokalin shayi guda a shafe, duk da wanda ke cikin miya, da burodi, da yaji. Dunƙulen miya da mata ke jefawa uku huɗu a tukunya, kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce a wannan wajen. Haka kilishi, da tsire mai yaji, da taliyar leda da ɗan ƙullin garinta. Ban ce a dafa wa maigida lami ba, kada a ce malamin asibiti ya kashe aure. A riƙa ragewa kaɗan kaɗan, cikin 'yan makonni harshe ya kan saba. A ƙara daddawa, da albasa, da citta, da tafarnuwa, su maye gurbin. Gishirin da a ke barbaɗawa bayan an zuba abinci kuwa a ɗauke shi daga gaban tsoho sam.

Binciken nan na Nijeriya da Gana ya ga wani abu da ya faranta mini rai. Masu cin ganye kullum sun fi tsira daga shanyewar jiki, masu yawan cin nama kuwa sun fi shiga haɗari. Ashe abincin da mu ke rainawa, mu ce na talaka ne, shi ne na tsawon rai: zogale, da rama, da yakuwa, da alayyafo, da tafasa, da miyar kuka da ta kuɓewa. Tuwon dawa da na gero sun fi farar shinkafa da fulawa. A rage malmala, a ƙara miya. Tsoho kuma yana bukatar abin gina tsoka kowace rana, wake, ko gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli, ko awara, ko nono, ko ƙwai, ko ɗan kifi. In haƙora sun zube kada a bar shi da koko kaɗai, a dafa masa wake ya yi luguf, a yi masa alala. Da wannan maigida ya kafa 'yan bishiyoyin zogale da kwamin alayyafo a bayan gida, ya sami ganye ya sami motsi, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Ciwon sukari abokin tafiyar hawan jini ne, shi ma ya kan daɗe a ɓoye. In ka ga ƙishirwa ta yi yawa, kana tashi fitsari sau da yawa da dare, kana rama alhali kana ci, ko ƙurji ya ƙi warkewa, je a ɗiga jininka. Ko ba ka ga kome ba, a duba sau ɗaya a shekara. In an auna da safe kafin ka ci kome aka sami 126, ko 7 a ɗaya ma'aunin, aka sake aka sami haka, to, akwai shi. Kwalbar lemo guda tana iya ɗaukar sukari cokali takwas ko fiye, ga na shayi, ga na fura, ga na kunu. Mai wannan ciwo ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare, kada ya yi tafiya ba takalmi, gama ƙafar ta kan daina jin zafi, ƙaya ta shiga bai sani ba, ƙarshenta a yanke. In azumi ya gabato, ya zo tun da sauran wata guda a shirya masa yadda zai sha magani, ko a gaya masa gaskiya in jikinsa ba zai ɗauka ba.

Akwai abin da ke ɓata mini rai, shi ne ƙwayoyin ciwon jiki da a ke talla a faifai a tasha da kasuwa, a ƙulla maka ja da fari da rawaya a leda a ce na sanyin ƙashi ne. Galibinsu irin su diclofenac ne da ibuprofen, wani lokaci har da waɗanda ke kumbura fuska su ta da sukari. Gwiwa ta kan yi sauƙi, gaskiya ne. Amma in tsoho ya ɗore a kansu su kan huda masa ciki ya yi ta zubad da jini, su ta da hawan jini, su kashe ƙoda. In ka ga bayan gidanka ya yi baƙi kamar kwalta, jini ne, kada ka kwana a gida. Haka nan maganin ƙarfin maza na kwalba da ba a san abin da aka zuba ciki ba. Mai ciwon zuciya ya nisance shi. Taba kuwa, kada wanda ya shekara arba'in yana sha ya ce ya makara. An bi likitocin Ingila masu shan taba shekara hamsin, daga 1951, aka ga mashayi ya kan yi hasarar wajen shekara goma, amma wanda ya bari yana da shekara 60 ya kan ceto wajen uku daga ciki.

Ido. In gani ya soma dushewa kamar hazo, yawanci yana ce, aikinta kuwa ɗan ƙanƙane ne a asibitin ido, a cire a sa wani ƙwayar roba, mutum ya koma karatunsa. Ina roƙonku kada ku ba masu yawo gari gari idonku su soke shi da tsinke su tura yanar ciki. Binciken makanta da aka yi a ƙasar nan daga 2005 zuwa 2007 ya tarar yana ita ce kan gaba wajen makantad da manya, ya kuma tarar galibin idanun da aka yi wa wannan sukar ba su sami gani ba. Akwai kuma hawan jinin ido, wanda ke cin gani daga gefe ba ciwo, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa. Wanda a danginsu akwai mai shi ya je a auna. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, manyan asibitocin jihohi kuma suna da sashen ido.

Waɗansu abubuwa kunya ke sa a ɓoye su, bari in faɗe su a gurguje. Dattijo, in fitsari ya soma yi maka gardama, ka daɗe a tsugune yana ɗiga, ko ka ga jini, wata tsoka ce a ƙarƙashin mafitsara ta kumbura. Yawanci ba mugun abu ba ne, akwai magani, amma sai an duba a ke rarrabewa da daji. Iyayenmu mata, in haila ta ɗauke shekara guda sa'an nan kika sake ganin jini, ko kaɗan ne, ko kika ji ƙullutu a mama, kada ki jira ya yi ciwo, akwai ma'aikata mata da za su duba ki. Ke ma tafiyar nan da awon jinin nan naki ne, in ba ki fita ki zagaya tsakar gida. Tari kuma in ya wuce mako biyu a kawo majina a duba, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe.

Sai zafin bazara. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, jikinsa ya kan bushe bai sani ba. A farkon Afrilu na 2024, cikin azumi, zafi ya haura digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali, wani babban asibitin Bamako kuma ya ƙidaya mutuwa fiye da 100 cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi ne. Bazararmu 'yar'uwar tasu ce. A ajiye wa tsoho ruwa kusa da shi, a riƙa tuna masa. In fitsari ya yi ja, ruwa ya yi kaɗan ke nan. Kada a bar shi cikin ɗakin kwano da tsakar rana. In ya rikice, jiki ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nufi asibiti. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda, shi ya bi abin da aka ce masa.

Da sauran abu guda wanda ba ya fitowa a na'urar awo. Mutumin da jiya a ke layi a ƙofar ofishinsa, yau wayarsa ta wuni ba ta yi ƙara ba. Na ga dattawa da yawa da wannan ya karya. Barci ya ƙaurace, abinci ya fita kai, faɗa ya yi yawa a gida, a ce tsufa ne. Sau da yawa baƙin ciki ne, ciwo ne kuwa kamar kowane ciwo, ana maganinsa. A zo a faɗa mana. Amma rigakafinsa shi ne mutum ya sami abin da zai tashe shi da safe, wanda in bai je ba za a tambaya ina ya ke. Tsohon malami ya tara yaran unguwa ya duba musu karatu. Tsohon akawu ya riƙe littafin kuɗin masallaci, ko na majami'a, ko na ƙungiyar 'yan fansho. Wanda aiki ya hana shi karatu da, ga lokaci ya samu. Kunne in ya yi nauyi a duba shi, gama rashin ji ya kan fid da mutum daga hira tun yana zaune a cikinta.

In garatuti ya fito, kafin a yi maganar mota, ko ƙarin gini, ko ƙarin aure, a ware kuɗin magani na shekara a ajiye dabam. A 2022 an yi sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, jihohi kuma suna da nasu hukumomin. Ku je ofishin ta jiharku ku tambayi yadda ɗan fansho zai shiga shi da matarsa, da abin da za a biya, da asibitin da za a ba ku. In za ku zo ganinmu, ku zubo dukan magungunan da ku ke sha a leda guda, har da na gargajiya, ku zo da ɗan littafin awon nan.

Lokacinmu ya ƙure. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan jinyar wanda ɓarin jikinsa ya riga ya shanye: yadda a ke juya shi kowace sa'a biyu domin kada baya ya yi gyambo, da yadda a ke ba shi abinci, da yadda a ke motsa masa hannu da ƙafa. Masu irin wannan majinyaci a gida ku zo da takarda da fensir. Allah ya ba mu lafiya. Sai an jima.